Ku Tambayi Baba: Saura Sati Biyar Mu Fita Bishara, Ni Kuwa Tsoro Nake Ji

Salama gare ku 'yan'uwa masu karatu. Wasiƙun wannan watan kusan duk akan fita bishara ne, da alama ƙungiyoyin matasa sun fara haɗa jaka. Na ɗauki uku, ta farkon ita zata cinye mana fili dan haka sauran kuyi haƙuri dani.

Tambaya ta farko

Baba barka da aiki, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Ni budurwa ce shekarata 23 ina cikin zumuntar matasa ta ikilisiyarmu, an zaɓe mu mu goma sha ɗaya zamu fita bishara wata ƙasa na sati biyu, saura sati biyar mu tashi. Ranar da aka kira sunana nayi murna har da hawaye amma yanzu gaskiya tsoro nake ji, dare yayi bana iya barci sai tunanin hanya da ciwo da kuma in aka min tambayar da ban san amsarta ba. Na faɗa wa wani ɗan'uwa a ƙungiyar yace tsoro rashin bangaskiya ne, shi kam ko allurar rigakafin da akace muyi ba zai yi ba, wai Allah ne mai iko da komai abun da ya nufa shi zai faru, wanda ya nemi magani shakkar Allah yake. Nayi azumin kwana uku ko zan ji wani abu ban ji komai ba sai ciwon kai. Baba anya Allah ya kira ni kuwa? Kuma in shi ne mai iko da komai to ni me ya rage in shirya?

'Yarka cikin Ubangiji

Amsa

'Yata sannu, kin kyauta da kika rubuto baki bar abun yana cinki a ciki ba. Bari in fara da tsoron tunda shi ke hana ki barci. Ki buɗe 1 Korintiyawa 2:3 ki ga yadda manzo Bulus da bakinsa yace ya shiga Koranti, cikin rauni da tsoro da rawar jiki ƙwarai, kuma fa ba sabon shiga bane a lokacin, mutum ne da aka riga aka jefe shi da duwatsu a Listira aka ja shi bayan gari ana zaton ya mutu, aka masa bulala a Filibi aka kulle. A Ayyukan Manzanni 18 sai da Ubangiji ya zo masa da dare cikin wahayi yace kada ya ji tsoro ya ci gaba da magana, kinga kuwa ba a cewa mara tsoro kada ka ji tsoro. Ya zauna a garin shekara ɗaya da wata shida. Toh in Bulus ya ji tsoro bai zama mara bangaskiya ba, ke wace ce da za a yanke miki wannan hukuncin? Ni dai a shekarun da nayi ina raka matasa, wanda yace mun baya jin komai shi nafi sa wa ido, dan yawanci bai gane inda zashi bane.

Sai maganar ɗan'uwan naki. Ina son kishinsa amma tauhidin nasa ya karkace, kuma karkacewar tsohuwa ce, dan ita ce dai Shaiɗan ya kawo wa Ubangijinmu a kan ƙololuwar Haikali a Matiyu 4, har da jawo masa aya daga Zabura, wai ya diro mala'iku zasu tare shi. Yesu bai diro ba, yace an rubuta kada ka gwada Ubangiji Allahnka. Dogara ga Allah daban, gwada Allah daban, amma daga nesa kamarsu ɗaya shi yasa matasa ke ruɗewa.

Akwai wani wuri da nake so ki zauna a kai ki karanta a hankali, Ayyukan Manzanni 23. A aya ta 11 Ubangiji ya tsaya kusa da Bulus da dare ya faɗa masa cewa lalle sai ya shaida shi a Roma kamar yadda yayi a Urushalima. Magana ta ƙare kenan, alkawari daga bakin mai iko duka. Wayewar gari mutum fiye da 40 suka yi rantsuwa ba ci ba sha sai sun kashe shi, ɗan 'yar'uwar Bulus ya jiyo maganar ya sheƙo ya faɗa masa. Me Bulus yayi? Da irin ɗan'uwanki ne sai yace yaro je ka gida Allah ya riga ya gama magana. Shi kuwa kiran jarumin soja yayi yace a kai yaron nan wurin shugaban sojoji yana da magana, daren nan aka fitar da shi zuwa Kaisariya da sojan ƙasa 200 da mahaya 70 da masu mashi 200, mutum 470 saboda fursuna guda. Allahn da yayi alkawarin Roma shi ne ya ajiye kunnen yaron a inda ake ƙulla makircin, kuma ta bakin yaron da ƙafafun dawakan nan alkawarin ya cika. Haka a sura 27 a cikin jirgin ruwa, mala'ika yace babu rai ko ɗaya da zai salwanta cikin mutum 276, amma da matuƙan jirgin suka so su sulale da ƙaramin kwalekwale Bulus ɗin nan dai yace wa sojoji in mutanen nan basu tsaya a jirgi ba ba za ku tsira ba. Bai ga wani saɓani tsakanin maganganun biyu ba, mu ne muke gani.

Kada kuma in yi wa ɗan'uwan naki rashin adalci, akwai Ezra. A Ezra 8 yayi shelar azumi a bakin kogin Ahawa, yace kunya ta hana shi roƙon sarki sojoji dan ya riga ya faɗa wa sarkin cewa hannun Allahnsu yana kan masu nemansa, suka yi tafiyar wata huɗu ba rakiya Allah ya kai su lafiya. Amma Nehemiya da ya biyo baya ya roƙi wasiƙu zuwa ga gwamnoni, sarki ya haɗa shi da hafsoshi da mahaya ya karɓa, da ana ginin garu ma abun da ya rubuta shi ne munyi addu'a ga Allahnmu muka kuma sa masu tsaro dare da rana. Littafi Mai Tsarki bai zargi ko ɗaya cikinsu ba. Sai dai ki lura Ezra yana da dalili na musamman da ya shafi sunan Allah a gaban sarki, ba wai tsoron allura ya ɓoye a bayan aya ba, in kin gane abun da nake nufi. Kuma Bulus da Allah ya warkar da mutane ta hannunsa yana yawo da Luka wanda ya kira ƙaunataccen likita, ya bar Tarofimas a Militas ba lafiya. Dan haka ki je kiyi allurarki, ta shawara ma sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki a bakin iyaka, ba a fafe gora ranar tafiya. Shugaban ƙungiyar kuma ya kamata ya san da maganar ɗan'uwan nan, dan in ya kwanta ciwo can ba shi kaɗai zai kwanta ba, mutum biyu ne zasu bar aiki suyi jinyarsa, masu masaukinku kuma su shiga ɗawainiyar da basu shirya ba.

Azumin da kika yi kika samu ciwon kai kawai, kin ban dariya amma ba dariyar raini ba, dan nima nayi. Azumi ba makunnin lantarki bane da zaki danna wuta ta kawo. A Antakiya, Ayyukan Manzanni 13, ikilisiya ce take sujada da azumi Ruhu Mai Tsarki yace a keɓe masa Barnaba da Shawulu wato Bulus, suka sake azumi da addu'a suka ɗora musu hannu suka sallame su. Ba a faɗa mana abun da Barnaba ya ji a ƙirjinsa ba, an dai faɗa mana ikilisiya ta aike su sun tafi. Ke ma dattawan da suka san halinki sun zauna sun kira sunanki, kina da lafiya, kina da marmari ko da ya cakuɗe da tsoro, tafiyar sati biyu ce ba a ce ki bar ƙasarku har abada ba, wane kira kuma kike jira?

Toh me zaki shirya. Kwana 35 gare ki, Ayyukan Manzanni sura 28 ne, ki riƙa karanta ɗaya kullum da safe kafin ki taɓa waya, zaki gama da sauran sati guda. Kina karantawa kina lura da sau nawa tsarin manzannin ya tafi yadda suka tsara, zaki sha mamaki. Ki zauna ki rubuta shaidarki, yadda kika san Yesu da abun da ya canja, yadda zaki faɗe ta cikin minti uku da gajerun jimloli, dan in tafinta ne zai juya miki magana minti ukun nan shida zasu zama, kuma duk wani karin magana da kike taƙama da shi a bakinsa zai mutu. Ki koyi gaisuwar mutanen da godiya da ban haƙuri a harshensu ko da zasu yi miki dariya, dariyar ma ƙofa ce. Tambayar da baki san amsarta ba kuwa, ki ce ban sani ba amma zan tambayo, ba wanda ya taɓa ƙin Almasihu saboda wannan amsar, ƙaryar sani ce ke korar mutane. Ki nemi sunan faston da zai karɓe ku da na matarsa ki fara yi musu addu'a tun yau, dan baƙo raɓa ne, ku kwana 14 zaku yi ku kama hanya, shi ne zai zauna da duk abun da kuka gyara da wanda kuka ɓata. In yace kar ku shiga unguwa kaza ko kar ku ɗau hoto, ba sai ya baki dalili ba. Sannan ki samu mutum uku ko huɗu a gida, ba guruf ɗin WhatsApp mai mutum ɗari da kowa zai tura alamar hannu ya wuce ba, mutanen da in sunce zasu yi miki addu'a ƙarfe kaza zasu yi, mai shiga rijiya yana bukatar mai riƙe igiya.

Wanda yafi duka wuya shi ne binciken zuciya, kuma ba na iya yi miki shi. Ki tambayi kanki a gaban Allah, in aka ce ba hoto ko ɗaya, ba Facebook, ba tsayawa gaban jama'a a bada rahoto, har yanzu ina son zuwa? In akwai wanda kike gaba da shi ko zunubin da kike ɓoyewa ki warware tun a gida, jirgi baya tsarkake mutum, abun da kika hau da shi da shi zaki sauka, gajiya da zafi da rashin barci kuma sai su fito da shi fili a kwana na huɗu.

Fitata ta farko na tafi da wa'azi tara a rubuce cikin wani littafi mai baƙin bango, na kwana ina jan layi da jan biro, ko ɗaya ban yi ba. Kwana biyu da isarmu abokin ɗakina ya kwanta zazzaɓi, ni aka bari da shi, aikina riƙe roba in zai yi amai da jiƙa tsumma ina goga masa a goshi, ina jiyo waƙar 'yan'uwa daga nesa raina kuwa a ɓace, ina ta ce wa Allah ba wannan na zo yi ba. Akwai wani dattijo maƙwabcin masaukin da kullum yake zama a bakin ƙofarsa yana kallona ina wanke robar, bai taɓa zuwa taronmu ba, ranar da zamu tafi ya sa tafinta ya tambaye ni wai mara lafiyan ƙanina ne? Nace a'a, wata uku da suka wuce ma ban san shi ba. Yayi shiru ya daɗe yana kallona sai yace toh. Iyakar abun da ya faɗa kenan, ban san ƙarshen labarinsa ba har yau, ba kuma zan ƙara masa gishiri in ce ya tuba ba. Littafin wa'azin yana nan a akwatina.

Abu na ƙarshe 'yata, ba zan ɓoye miki ba dan ke ba yarinya bace. Cewa Allah ne mai mulki ba yana nufin ya sa hannu a takarda cewa ba abun da zai same ki ba. A Ayyukan Manzanni 12 Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, a surar nan dai mala'ika ya fito da Bitrus daga kurkuku, manzanni biyu, sarki ɗaya, Allah ɗaya, ba a kuma ba mu dalili ba. Abokan Daniyel uku da suke gaban tanderu cewa suka yi Allahnmu yana da iko ya cece mu, ko bai cece mu ba ma ba zamu yi wa gunkin sujada ba. Alkawarin da kike da shi a hannu shi ne na ƙarshen Matiyu 28, cewa yana tare da ku kullum, kuma ya fara ne da cewa an ba shi dukkan iko a sama da ƙasa. Da dare in tunanin ya taso ki ambaci abun da kike tsoro ɗaya bayan ɗaya da sunansa ki miƙa masa, ki juya ki kwanta, gobe in ya dawo ki sake. Ki rubuto mun in kun dawo.

Tambaya ta biyu

Baba ina gaisuwa. Bara mun fita mu takwas, munyi addu'a wata uku kafin tafiya, amma komai ya watse, garin da muka shirya zuwa aka hana mu shiga sai wani ƙauye muka ƙare, janareta ya ƙi tashi, ba wanda ya karɓi Yesu ko mutum ɗaya. Da muka dawo waɗanda suka tallafa mana suna tambaya rayuka nawa, kunya ta sa na daina zuwa zumunta. Bana kuma an ce in sake zuwa. Ko dai akwai zunubi a cikinmu ne?

Ɗanka

Ɗana, in akwai zunubin da ka sani ka tuba, in babu kar ka ƙirƙiro wa kanka. Hana ku shiga garin nan ma ai kun samu abokan tafiya, a Ayyukan Manzanni 16 Ruhu Mai Tsarki ya hana su Bulus wa'azi a Asiya, suka nufi Bitiniya nan ma aka rufe, suka gangara Taruwasa ba da shirinsu ba, can ne ya ga wahayin mutumin Makidoniya, da suka haye Filibi kuma ba taron dubbai suka tarar ba, mata ne 'yan kaɗan a bakin kogi, cikinsu Lidiya mai sayar da jan tufa, kuma Luka yace Ubangiji ne ya buɗe zuciyarta. Ka riƙe wannan kalmar. Ba janareta ke buɗe zuciya ba.

Dubi masu bishara na da, William Carey ya isa Indiya a 1793, ɗansa mai shekara biyar ya rasu a 1794, sai ƙarshen 1800 aka yi wa ɗan Indiya na farko baftisma, Krishna Pal, shekara bakwai kenan, a 1812 kuma gobara ta cinye maɗaba'arsu a Serampore da aikin fassara na shekaru. Adoniram Judson Indiya ya nufa, hukumar kamfanin Ingila da ke mulkin wurin ta ƙi barinsa ya zauna, ya ƙare a Burma a 1813, baftisma ta farko sai 1819. David Livingstone ƙasar Sin yake so yaƙi ya tare hanya ya juyo Afirka. Annabi Irmiya kuwa a sura 25 cewa yayi shekara 23 yana magana basu saurara ba. Da a ce mutanen nan gaban masu tallafinku zasu bada rahoton sati biyunsu na farko, ban san inda zasu sa fuska ba.

Su ma masu tambayar kar ka ji haushinsu, mu shugabanni ne muka koya musu ƙirga hannun da aka ɗaga kamar ana ƙirga awaki, har wasu matasan suka koyi ƙara lamba dan a tafa musu, wannan kuwa ƙarya ce ko a kan bagade aka yi ta. Ka faɗa musu gaskiya, gida kaza muka shiga, mutum kaza suka ji, ba wanda ya amsa tukuna, ga sunan ƙauyen ku taya mu addu'a. Bulus yace shi ya shuka Afolos yayi banruwa Allah ne ya sa girma. Ka koma zumunta ran Lahadin nan, in kuma da hali bana ku koma ƙauyen nan dai, kar ku nemi sabo, sun riga sun san fuskarku.

Tambaya ta uku

Baba mun samu saɓani da wani ɗan'uwa akan kuɗin motar tafiya wata biyu bama magana, kuma dukanmu muna cikin masu fita. Nace in mun isa can Ruhu zai daidaita mu. Ko ya ka gani?

Wani ɗan'uwa

Ban gani ba sam. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, Bulus da Barnaba sun yi zazzafar gardama akan Markus har suka raba hanya, ɗaya ya ɗauki Markus zuwa Kubrus ɗaya ya ɗauki Sila, amma ka lura basu shiga jirgi ɗaya suna hararar juna ba. Matiyu 5 yace ka bar baikonka a gaban bagade ka fara zuwa ku shirya da ɗan'uwanka. Ruhun da kake jira ya daidaita ku can yana nan inda kake, kuma lambar ɗan'uwan tana cikin wayarka. Ka kira shi yau kafin ka kwanta, in bai ɗauka ba ka taka har gida, in kun kasa ku biyu ku samu dattijo ɗaya ku baje masa lissafin kuɗin a takarda. In duk an yi ya ƙi, ku faɗa wa shugaban tafiya ya san wanda zai bari a gida.